Me ya sa 'yan kallo suka watse kafin wasanmu ya ƙare?

Malama, sannu da ɗawainiyar yaran nan, Allah ya saka da alheri. Kin ce ɗalibanki a wata makaranta da ke Aboabo, nan Kumasi, sun yi wasan kwaikwayo ranar bikin yaye ɗalibai, a kan samarinmu da ke bin hamada zuwa Libiya. Wasan ya kusa cin awa biyu. Da farko an sha dariya, amma kafin a kai ƙarshe rabin kujeru sun zama wayam, waɗanda suka rage kuma hirarsu suke yi. Daga baya wani da ya yi karatu a Jami'ar Gana da ke Legon ya ce miki wasan ba shi da tsari, dandamalin kuma babu kyan gani. Kina so ki san mene ne wannan tsari, da kuma yadda mai farfajiya da benci, wanda ba shi da labule balle fitilu, zai sami kyan dandamali.

Mutumin nan ya faɗi gaskiya, sai dai bai ƙarasa miki ita ba. Abubuwan biyu da ya ambata ba kuɗi ke sayensu ba, kuma aikinsu ɗaya ne: riƙe hankalin ɗan kallo. Tsari na riƙe zuciyarsa, dandamali na riƙe idonsa.

Mu duba jerin fitowar da kika aiko. A ta farko saurayi na zaman kashe wando a majalisa. A ta biyu abokai na zuga shi. A ta uku mahaifiyarsa na yi masa nasiha, a ta huɗu liman, a ta biyar kawunsa. Sai hamada, sai labarin mutuwa ya iso gida, sai wani ɗalibi ya fito da takarda ya karanta darussan da ke cikin wasan. To ki ɗauki fitowar liman ki sa ta kafin ta uwa. Me ya lalace? Babu. Ki cire ta kawu ɗungurungum. Wa zai lura? Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristotal na ƙasar Girka ya ba da wannan ma'auni: duk ɓangaren da za a iya cirewa ko a sauya masa wuri ba tare da sauran sun girgiza ba, to ba ɓangaren labarin ba ne. Har yau ban ga ma'aunin da ya fi shi amfani a hannun mai shirya wasa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Tun a fitowa ta biyu kowa a farfajiyar nan ya san yaron zai tafi, kuma ya san gawa ce ƙarshensa. Mutanen Aboabo sun san labarin Agadas da Sabha fiye da yaran da ke wasan, wasu ma 'ya'yansu ne suka bi hanyar. Wanda ya riga ya san amsa me zai zaunar da shi awa biyu a kan kujerar roba? Mutum yakan zauna ne idan an dasa masa tambaya a rai, aka kuma ƙi ba shi amsarta da wuri.

Bari in sake ƙulla miki labarin da yaran nan naki, ba tare da an sayi ko allura ba. A ce mahaifiyar yaron ita ce uwar adashen matan da ke saye da sayarwa a kasuwar Asawase. Kuɗin zubi na cikin kwalla a ƙarƙashin gadonta, ranar Juma'a ake kwasa, kuma wadda kwasar ta faɗo kanta mijinta na kwance a asibiti. A can gefe dillalin tafiya ya gaya wa yaron cewa mota za ta tashi daren Alhamis, wanda bai kawo kuɗinsa ba an bar shi. Ki buɗe wasan da yammacin Laraba. Kin ga yanzu akwai abin da yaron ke so, akwai abin da ya tare masa hanya, akwai kuma lokaci da ke ƙure wa kowa.

Ya ɗauki kuɗin. Ƙanwarsa ta gan shi, ya roƙe ta ta rufa masa asiri, ya rantse da ya isa zai aiko da ninkinsu. Lissafinsa shi ne ba za a buɗe kwalla ba sai Juma'a, lokacin ya yi nisa. Amma da sassafen Alhamis mai kwasa ta yi sallama tana haki, asibiti sun ce a kawo kuɗin magani yau, a taimaka a ba ta ko rabi. Dole uwa ta jawo kwalla. Babu komai ciki. Zargi ya faɗa kan yarinyar riƙo da ke share ɗakin, marainiya wadda ba ta da mai tsaya mata. Yaron na tsaye a bakin ƙofa, jakarsa na ɓoye bayan randa, yana jin ana tuhumar wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Ƙanwar na kallonsa. Zai yi magana, ko zai jira dare ya sulale?

Yanzu ki gwada sauya wa fitowa ɗaya wuri, za ki ga duk ginin ya rushe, domin kowace fitowa ita ta haifi ta bayanta. Wannan shi ne tsarin da ake magana.

Sa'an nan akwai matakin da ya fi wannan zurfi, wanda Aristotal ya ce shi ne ƙarfin labari: al'amari ya juya, kuma wani ya gane abin da bai sani ba, su biyun su zo lokaci guda. Uwa ta je ɗiban ruwa ta ci karo da jakar. Ta buɗe, ta ga kayan ɗanta da kuɗin mutane. Daga nan nauyin wasan ya koma kanta. Ta tona asirin ɗan cikinta a gaban matan kasuwa, ko ta bar marainiya da tabon sata har abada? A ganina a nan ƙololuwar wasan take, kuma babu uwar da za ta tashi daga kujerarta kafin ta ga abin da wannan mata za ta yi. Ki lura ba mu nuna hamada ko sau ɗaya ba. Ba ma bukata. Tana cikin kan kowane ɗan kallo, kuma wadda ke kansa ta fi duk wadda za ki yi da yashin buhu ban tsoro.

Wannan dabara ta fara labari dab da ƙarshensa, a tattara komai a ɗaki ɗaya cikin 'yan kwanaki, ita ce Henrik Ibsen ɗan ƙasar Norwe ya shahara da ita. A wasansa na 1879 a kan wata matar aure mai suna Nora, laifin da ake ɓoyewa, wato bashin da ta ci da sa hannun bogi, ya faru shekaru kafin a ɗaga labule. Abin da 'yan kallo ke gani shi ne kwanakin Kirsimeti a falo ɗaya, da wasiƙar tonon asiri da ke kwance cikin akwatin wasiƙu wanda makullinsa ke hannun miji. Kwallar adashenki aikin wannan akwati take yi.

Wani abu da nake so ki riƙe da kyau: kowa a wasan ya kasance yana da tasa gaskiyar. Wasanninmu na makaranta sun saba sa wa mugu baƙin tabarau da dariyar ƙeta, tun daga shigowarsa an san shi. Dillalin gaske ba haka yake ba. Yana gaisuwa da ladabi, yana tambayar lafiyar Hajiya, yana nuna hoton wanda ya kai bara tsaye gaban mota a Italiya. Shi ma yaron ki bar shi ya faɗi hujjarsa da ƙarfinta: ya gama sakandare, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, kullum da asuba yana jin uwarsa na hura wutar koko da ƙosai, shi kuwa ƙato yana jiran a miƙo masa. Idan kika hana shi wannan magana, samarin da ke tsaye a baya hannu cikin aljihu, waɗanda domin su aka yi wasan, za su gane ba da su ake ba, su kama gabansu.

A littattafai za ki tarar da tsanin Gustav Freytag, Bajamushen da a 1863 ya kasa wasa matakai biyar: gabatarwa, hauhawar rikici, ƙololuwa, gangarowa, da ƙarshe. Ki san shi, yana taimakawa wajen gano inda wasa ya yi sanyi. Amma ba doka ba ce, kuma a fili irin namu gangarowar dole ta gajarta. Da an warware ƙulli, mutane sun fara neman takalmansu.

Wasan zamani ma ya daɗe da karya wannan tsani. Bertolt Brecht a Jamus yakan yanka labari gunduwa-gunduwa, ya sa waƙa a tsakani, ya bar ɗan wasa ya juyo ya yi magana da jama'a, don kada su nutse cikin tausayi su manta da tunani. Samuel Beckett kuwa a 1953 ya kawo wa mutanen Faris wasan mutum biyu da ke jira a gindin bishiya, wanda suke jira bai zo ba har aka tashi. Wasu matasa kan ji wannan su ce ashe tsari ya mutu. Bai mutu ba. Ko a wasan jiran nan, tambayar "zai zo kuwa?" ita ke riƙe da mutane. Siffar ginin ce ta sauya, bukatar tambaya tana nan daram.

Kuma mu da ke Gana ba sai mun je Jamus aron wannan ba. Efua Sutherland, marubuciyar wasan kwaikwayo 'yar Gana, ta zauna ta nazarci yadda mutanen Akan ke ba da tatsuniyar Ananse, wato Gizonsu, ta ɗora wasan dandamali a kai, ta kira shi Anansegoro. A wasanta na auren Anansewa da aka buga a 1975 akwai mai ba da labari da ke tsaye tsakanin 'yan wasa da jama'a, akwai waƙoƙin da ke katse labari waɗanda ake kira mboguo, akwai kuma mai kula da kayan wasa da ke miƙa wa 'yan wasa abin da suke bukata a gaban idon kowa. Mohammed ben Abdallah, ɗan Kumasin nan, ya faɗaɗa wannan tunani ya kira nasa Abibigoro, ya shigo da tarihi da kiɗa da al'adun Musulmin yankinmu cikin wasa, kamar yadda ya yi a wasansa na shari'ar Malam Ilya. 'Yan konsat fati kuma, wato masu yawon wasan barkwanci da kiɗa gari-gari, tun daga Axim Trio a 1937 zuwa ƙungiyar E. K. Nyame da a 1952 ta haɗa kiɗan hailaif da wasa cikin harshen Akan, sukan riƙe jama'a har tsakar dare. Suna iya yin tsawo ne domin kiɗa na biyan mai zama ladan zamansa kowane ɗan lokaci.

Mu ma a Zango muna da namu. Mai tatsuniya ba ta fara ba sai ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara sun amsa "ta zo mu ji ta". Tun daga nan an ƙulla yarjejeniya cewa mai sauraro yana da baki a cikin labarin. A tsakiya akwai waƙa da amshi. Gizo yakan maimaita dabararsa, ta ci sau ɗaya, ta ci sau biyu, a na uku asirinsa ya tonu. Maimaici da ɗan sauyi kowane zagaye, wannan cikakken tsari ne, kuma yaranki sun sha shi tun a nono. Ki duba kuma tashen da yara ke yi a ƙasar Hausa cikin watan azumi: raha guda, waƙa guda, a yi a ƙofar gida a wuce kafin a gundura. Idan kin fi son wannan hanya, ki sa ɗaya daga cikin 'yan matanki ta zama mai ba da labari, ki sa waƙa gajera mai amshi da za ta riƙa dawowa duk sanda ranar Juma'a ta ƙara matsowa. Hanyar Ibsen da hanyar tatsuniya suna iya zama a wasa ɗaya, na sha ganin sun zauna lafiya.

'Yan kallonmu ba irin masu naɗe hannu su yi tsit ba ne. Za su ce "ƙarya yake yi!", za su ce "wayyo, yarinyar nan!", wata tsohuwa ma za ta miƙe ta nuna bayan randa. Kada ki ɗauki wannan a matsayin rashin tarbiyya. Alama ce wasan ya kama. Ki koya wa yara su dakata hayaniya ta lafa kafin su ci gaba, kada maganar da ta fi muhimmanci ta nutse a cikinta.

Batun ɗalibin da ya karanta darussa a ƙarshe kuwa, shawarata ki cire shi. Na san daga inda al'adar ta fito: rubutaccen wasan Hausa a aji aka haife shi, domin koyarwa, tun zamanin Wasan Marafa na Abubakar Tunau, kuma iyaye na son su ji an ce ga amfanin abin da aka tara su kallo. Amma gani ya kori ji. Matar da ta ga uwa durƙushe gaban kwalla babu komai ta riga ta ɗauki darasin da ya fi na takarda, karanta mata shi kuma tamkar ce mata aka yi ba ta fahimta ba. Idan shugaban makaranta ko liman zai yi nasiha, wannan girmansu ne, a ba su wuri bayan yara sun gaida jama'a sun fita, a san wasa ya ƙare, jawabi ya fara. In kuma tattaunawa kike so, akwai hanyar Augusto Boal na Burazil, wadda ta yi kama da abin da 'yan sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa yi a Samaru da ƙauyukan Zariya tun shekarun 1970: a kai wasa wurin da ya fi tsanani, a tsaya, a tambayi jama'a. Ki tsayar da shi a lokacin da uwa ke riƙe da jakar, ki ce "iyaye, in ku ne, yaya za ku yi?" Ranar sai kin roƙi mutane su tafi gida.

Yanzu dandamali. Mutane da yawa in an ce kyan dandamali sai ransu ya tafi babban gidan wasa na ƙasa da ke Akra, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1992, mai kujeru kusan 1,500 da labule da fitilu rututu. Gida ne mai kyau, amma ki san abin da ke wurin kafin shi. Gidan wasan da Efua Sutherland ta gina a farkon shekarun 1960 ne, wanda aka rushe aka sake gina irinsa a Legon, kuma da gangan ta yi shi da siffar tsakar gida, sama a buɗe, jama'a kusa da 'yan wasa. A Zariya ma gidan wasan jami'a da ƙasa aka gina shi, da zubin gidan Bahaushe. A Turai kuwa, a 1968 Peter Brook ya rubuta cewa fili wayam da mutum ɗaya da ke ratsa shi da wani da ke kallonsa sun isa a ce an yi wasa, a shekarar kuma littafin Jerzy Grotowski na Folan ya fito yana kira a tuɓe wa wasa duk wani ado a bar ɗan wasa da ɗan kallo. Manyan masana sun yi ta wahala su isa inda farfajiyarki take.

Ga yadda zan yi da ita. Ki nemi bangon da ke fuskantar yamma, ki sa yara su yi wasa a gabansa. Bango zai dawo da murya wajen jama'a, rana kuma za ta kasance bayan 'yan kallo tana haska fuskokin 'yan wasa. A Kumasi rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, saboda haka in kin fara ƙarfe 4:30 bayan an yi la'asar, kika yi minti 45 zuwa 50, kin sami haske mai laushi kyauta, kin kuma sallami mutane kafin kiran magariba. Awa biyu a fili ta yi yawa ko ga ƙwararru. In bangon na da rubuce-rubuce ko zanen taswira, ki rufe shi da yadi mai launi ɗaya marar ado, domin ido na bin rubutu ko mai shi bai so ba. Kujeru kuma a jera su ta gefe uku, a matso da su sosai, yara ƙanana su zauna a tabarma a gaba. Tazarar nan da ake bari saboda teburin manyan baƙi ita ke kashe wasa tun ba a fara ba.

Matsowar za ta raba ki da babban maƙiyin wasan makaranta, wato makirfo ɗaya da ake miƙa wa juna. Da zarar ya shigo, yara sun jeru sahu guda suna fuskantar jama'a, mai magana na jiran a miƙo masa, faɗa ya zama karatu bi da bi, hannun da ya kamata ya riƙe jaka ko ya share hawaye yana riƙe da makirfo. Gara ki ɗauki mako biyu kina tsayawa a benci na ƙarshe, kina sa kowane yaro ya jefo miki maganarsa ba tare da ihu ba, yana buɗe baki yana ƙarasa ƙarshen kalma. Yaran da ke karatun allo da ƙira'a sun riga sun san fitar da harafi, tuni kawai za ki yi musu. In dole sai da lasifika, a kai janareta bayan gini. In kuma wasan dare ne, kada ki dogara da ƙwan lantarki ɗaya a saman kai, yana mayar da idanu ramuka. Fitila biyu daga gaba, dama da hagu, sama da tsayin mutum kaɗan, sun wadatar, ki kuma ajiye masu caji kusa saboda ɗaukewar wuta.

Kaya kuwa, kaɗan. Tabarma ɗaya ita ce ɗakin uwa. Benci shi ne majalisa. Randa, buta, kwalla. Kada ki bari a ɗauko kujerun falo daga gidan wani, domin duk sauyin fitowa sai an tsaya ana ciccibarsu, kuma a wannan tsayawar ce mutum ke tuna yana da sauran aiki a gida. Abin da za a sauya, yaro ɗaya ya sauya shi a gaban kowa cikin natsuwa ana waƙa. Duk abin da kika ajiye a fili kuma ya yi aiki. Anton Chekhov na Rasha yakan ce in an rataye bindiga a bango a farkon wasa, to dole a harba ta kafin a tashi. Randar da aka gani tun farko ita ce za ta ɓoye jakar.

Inda na fi so ki zuba ƙarfinki shi ne jikin yaran da tazarar da ke tsakaninsu, domin a nan muke da arzikin da ba kowa ke da shi ba. Al'adarmu ta riga ta ba kowane motsi ma'ana. Ɗa yakan cire takalmi a bakin tabarma, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai in uwa na magana. To ki nuna haka a fitowar farko, a fitowa ta biyu ma haka, har idon jama'a ya saba. Ranar Alhamis, in ya tako tabarmar da takalminsa, ya tsaya ƙiƙam a kanta tana zaune, ba sai ya ce uffan ba, za ki ji farfajiya ta ɗauki salati. Haka mayafin uwa. Mace mai kamun kai da ba a taɓa ganin mayafinta ya goce ba, in ta jawo kwalla ta ɗaga murfi, ta sa hannu ta shafa ƙasanta, ta sake shafawa, mayafin ya zame kafaɗa ba ta ko kula ba, wannan ya fi kururuwa da birgima. Ki ba ta lokaci. Ki ƙirga biyar a zuci kafin kowa ya yi magana. Yara na tsoron shiru a gaban jama'a, sai an koya musu cewa shi ma magana ne.

A kowane lokaci ki tambayi kanki: wa nake so a kalla yanzu? Ido na zuwa wajen mai motsi in kowa na tsaye, wajen na tsaye in kowa na zaune, wajen wanda ya ware shi kaɗai in sauran sun taru. Lokacin da ake tuhumar marainiya, ki tara mata a kanta gefe guda, ki bar yaron shi kaɗai can bakin ƙofa ba ya motsi. Hayaniya na nan, amma shi za a kalla. Launi ma haka yake aiki. In kowa ya sa atamfa mai ruwan ido, babu wanda zai fito. Ki sa mutanen gidan cikin launuka masu duhu, ki bar wa mutum ɗaya fari ko ja. Gemun auduga da hodar da ake barbaɗa wa yaro don ya zama tsoho kuwa, ki bar su sai wasan barkwanci, don dariya suke jawowa ko ana tsakiyar makoki. Sanda, da tafiyar da aka koya daga kallon tsofaffin unguwa, sun isa.

Harshe shi ma ado ne. A Aboabo mutum kan fara zance da Hausa, ya ratsa Tuwi, harshen Asante, ya ƙarasa da Turanci, kuma wasan da ya yi kamar ba haka ake ba zai yi baƙunta a kunne. Mai kwasa na iya zama 'yar Asante da ke ciniki da Hajiya shekara da shekaru, in hankalinta ya tashi Hausarta ta gudu ta koma Tuwi. Dillali ya riƙa yayyafa Turanci don ya burge. Uwa kuwa, a lokacin da ta gane, ta yi magana da Hausar da ta fi kowace sauƙi.

Kafin ranar wasa ki yi gwaji biyu. Na farko, ki zauna a benci na ƙarshe ki toshe kunnuwanki, yara su yi wasan daga farko har ƙarshe. In da ido kaɗai kin gane wa ke so, wa ke hanawa, wa ke ɓoye abu, dandamalinki ya tsaya. Inda kika ɓace, a nan za ki gyara tsayuwa da zama. Na biyu, ki gayyato mutum biyu ko uku da ba su san labarin ba, mai sayar da abinci a bakin makaranta ko maigadi, su kalla. A tsakiya ki tsayar, ki tambaye su me suke jin zai faru. In suka ba ki amsa ɗaya cikin sanyin jiki, ki koma kan ƙullin labarin. In suka fara gardama da juna, ɗaya na cewa zai tafi ɗaya na cewa uwar ba za ta bari ba, ki ce wa yara su ci gaba daga inda suka tsaya.